Fitilar Keken Kawu Cindo

Allurar Inna Tasalla ta faɗi cikin rairayi,
ta shafa, ta laluba, ido ya gaza.
Na ɗauko baƙin zoben nan da nake ɓoyo,
wanda na ɓanɓaro daga lasifikar da ta mutu bara,
na ɗaura masa zare, na ja shi a ƙasa kamar akuya.
Ya taso da gemu na baƙin gari,
ga allura a tsakiya ta miƙe ƙyam.
Inna ta ce, "Mayen ƙarfe ne wannan,
fitar min da shi kar ya lashe min tukunya."
Tukunyar ta dalma ce, ko kallonta bai yi ba,
ashe maye ma yana zaɓen nama.

Ran da ya suɓuce ya rabu biyu a bakin rijiya
na so in mayar da su yadda suke, suka ƙi.
Tsakanin yatsuna na ji suna turjiya,
babu hannu, babu iska, amma ana ture ni.
Na kifa ɗaya kawai,
sai ƙas! suka rungumi juna.

Na kai ƙara Gujungu, rumfar Kawu Cindo,
inda janareto ke kwance ciki a buɗe,
jan waya a nannaɗe kamar taliya.
Bai ce komai ba sai da ya gama goronsa.
Ya ɗauki ƙusa, ya yi mata rawani da waya,
zagaye arba'in, ina ƙirgawa,
ya danna baki biyu a gindi da kan batir.
Ƙusar da ba ta san kowa ba ɗazu
ta shiga kwasar 'yan sukurori a faranti.
Ya ɗaga yatsa, suka zube, yarrr.
Ya ce, "Ka gani? Maitar aro ce.
Muddin wuta na tafiya, waya na da kamu."

Na ce, "To shi mayen, yana iya haifar wuta?"
Ya yi dariya har hularsa ta goce.
Ya nuna min kekensa jingine da bedi,
da 'yar kwalbar ƙarfe mai goga kai a taya.
"Ɗan'uwan naka ne zaune a ciki,
waya ta kewaye shi kamar danga.
In ya zauna shiru, ita ma shiru.
In ya juya, sai ta farka."

Bayan isha muka kama hanyar gida,
ina kariya, na riƙe bayan rigarsa.
Taya na gurnani, kwalba na kuka,
haske ja-ja na rawa a kan burji.
A hawan gada ya yi laushi kamar zai suma,
a gangara ya buɗe ido, fari tas,
har na hangi kwaɗi na tsallaka hanya
daga fadamar shinkafa zuwa wata.

Wajen tsamiyar mararraba Kawu ya taka burki,
takalminsa ya tsinke.
Duhu ya rufto mana gaba ɗaya.
Na taɓa kwalbar, da ɗumi,
maye na nan, waya na nan, ƙwai lafiya lau,
haske kuwa ko na ashana babu.
Ya ce daga ƙasa, bakinsa da igiya,
"Motsi ya fi laɓewa, yaro. Ɗaga min ƙafar baya."
Na ɗaga, ya murza feda da hannu ɗaya,
fitila ta dawo, ya ga ramin da zai zura.

Yau ni ke naɗin waya a rumfar nan.
Gutsuren zoben na maƙale jikin kwanon rufi,
yana riƙe min allura da ƙananan ƙusoshi.
Shekara ashirin, ko loma bai ci ba,
bai kuma saki ba.