Kwana Arba'in da Biyu

Motar Dorival kan iso gari bai waye ba,
akwati ɗari biyu, 'yan tsaki dubu ashirin,
rawaya kamar gwaiduwa, suna ta ƙananan ƙorafi.
In sa hannu a takarda. Ba nawa ba ne,
riƙo aka ba ni.

Ƙwan da suka fasa, na kamfani.
Uwar da ta saka ƙwan, ta kamfani.
Kakar ma, an ce tana wani gida
da ba a shiga sai an yi wanka sau biyu.
Masarar da ke zubowa ta bututu, injinsu ya niƙa ta.
Likitan da ke zuwa ran Talata da farin takalmi
aljihu ɗaya ke biyansa da mahauci,
da mai sanyaya nama, da mai loda jirgin ruwa.

Mijina Arlindo, kafin ƙasa ta rufe masa ido,
yakan ce a Chapecó ta da
mutum biyar ke ci a jikin kaza ɗaya:
mai ƙyanƙyasa, mai dusa, mai kiwo, mai yanka, mai kai ta kasuwa,
kowa da wuƙarsa, kowa da gardamarsa.
An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Wannan ya ɗauka, har da ɗakin.

Ban ce ban ci moriya ba.
Ba na kwana ina juyi a kan wa zai saya.
Shekarar da masara ta yi tsadar tsiya a kudancin Barazil
maƙwabcina Valmor, mai cin gashin kansa,
sai da ya sayar da tarakta. Ni ko gezau.

Amma rumfar tawa ce, bashin rumfar ma nawa.
Fanka goma sha biyu, kuɗin lantarki,
daren da wuta ta ɗauke,
gawarwakin da nake tsinta a bokiti da sassafe,
duk ba su shiga lissafin ba.
Sun sayi sama, sun sayi ƙasa,
suka bar mini tsakiya, inda warin yake.

Jiya Edivaldo ya zo da kwamfuta, yaro sa'an ɗana,
ya ce a sake rufi, a ƙara injin iska,
in ba haka ba mota za ta riƙa wuce ƙofata.
Na ce, to wa kuma ke sayen kaji a kwarin nan?
Sai ya tsura wa takalminsa ido.

Daren arba'in da biyu za a zo a kwashe.
Da safe, shiru da gashi.

A bayan kicin ina da kaji uku, jajaye,
ba lamba a ƙafarsu, ba sa littafin kowa.
Ɗaya ta saka ƙwai a tsohuwar hular Arlindo.
Na soya shi da ɗan gishiri, na ci a tsaye.
Daga hula har faranti
ban sa hannu a takardar kowa ba.