Bakin Igwa

Sidi goma na biya a ƙofar kagara,
ni da 'yata Adiza, ran Asabar a Adum,
hadari na haɗowa ta wajen Kejetia.

Ga su nan a farfajiya,
fenti baƙi a kan fenti baƙi,
an dasa ƙafafunsu cikin siminti
kamar shanun huɗar da suka tsufa a turke.
Ƙadangare ya haye ta tsakiya yana gyaɗa kai,
shi kaɗai ya rage mai sara musu.

Sojan da ke zagayawa da mu ya karanto nauyinsu,
nisan jifarsu, garin da aka ƙera su.
Bai karanto kafaɗun da suka ja su ba.
Ni na san ɗaya: ta Kofur Mijinyawa,
kakan babana, wanda aka ɗauka a bakin teku
kan 'yan sulalla da jar dara.
Ya ja ƙarfe cikin kurmi, laka har cinya,
ya dawo Zango da kunne ɗaya a mace.
An ce in an kira salla sai an taɓa shi.
An ce ko taɓarya ce ta faɗi, sai ya dafe ƙasa.

Uwar Adiza kuwa jinin Tonawa ce.
Kakarta Afrakoma na da nata labarin:
wani rami a gonar ayaba,
wani ƙane da ya fita da bindigar toka,
ba a tsinci ko layarsa ba.
Ban taɓa shimfiɗa wa labaran biyu tabarma ɗaya ba.

Yau ga su sun haɗu a jiki guda,
shekara bakwai, da giɓi a baki,
ta yi ɗage, ta zura hannu cikin bakin igwa.
Gabana ya faɗi.
Ta zaro busasshen ganye, murfin kwalba,
da saƙar gizo manne a yatsu.

"Baba, me take ci?"

Sunaye suka taru mini a maƙogwaro,
na haɗiye su.
Na ce, "Azumi take yi."
"To yaushe za ta sha ruwa?"

Kafin in amsa, sama ta ɓalle.
Muka ruga baranda, soja na bin hularsa.
Igwa na nan, baki sama,
ruwan Kumasi na kwarara cikinta.
Adiza ta yi tsalle: "Ga shi ta sha!"

Na ce a zuciyata, Allah ya sa ya ishe ta.