Ɗigon Shuɗi

Teburina kamu huɗu ne, a bakin Kasuwar Dole,
ƙarƙashin kwanon da ke dafa kai tun hantsi.
Nan Iya Gaptiya ta kwance bakin zanenta,
ta ajiye mini salula kamar mai ajiye ƙwai.
"Muryar Barma na ciki," in ji ta.
"Tun da ya tafi Jado, nan yake kwana."

Kusoshi goma sha ɗaya,
kowace ba ta kai ƙwayar gero ba.
Na tara su a murfin kwalba,
na ɗaga bayan a hankali.

Can a kusurwa, gefen batir,
ga ɗigon biro, shuɗi,
ya ɗan ja wutsiya
kamar an yi shi da barci a ido.
Ba inji ba ne. Na san hannun inji, ba ya gyangyaɗi.
Wata ce, haka raina ya ba ni,
a wani garin Sin da harshena ba ya iya ɗauka.
Ta duba, ta ɗiga, ta tura, ta jawo na gaba.
Nawa ta ɗiga ran nan?
Wa ke riƙe mata goyo?

An ce abin da ke cikin batir
a ramukan Kwango ake tono shi.
Gilashin daga wata ƙasa, ƙwaƙwalwar daga wani tsibiri.
Sai teku, sai Legas, sai Kano,
sai kwali a bayan mota ta hanyar Matamaye,
ɗan duwan ya jijjiga, ya karɓi nasa.
Hannu dubu a kan tuwo guda,
ba wanda ya ga fuskar wani.

Ga kuma ƴan haƙoran nan masu ruwan zinariya.
Barma, wanda muka yi lakkol tare a Birni,
wanda ba ya shiga ɗaki sai an kunna fitila,
shi ne yau a rami mai gaba talatin.
Ko ƙurar da ya wanke ce ta zaga duniya
ta dawo hannun uwarsa
a kan jika ashirin da biyar, rabi bashi?
Ban faɗa mata ba. Ba ni da shaida.

Ciwon ƙarami ne:
wani abu kamar kwarkwata ya ƙone.
Sabo babu a Damagaram kaf.
Na tona kwalin matattu da ke ƙarƙashin tebur,
na ciro ɗan'uwansa daga wata da jaki ya taka.
Sai kuran ya ɗauke.
Na ɗora ƙarfen liƙi a gawayin Haladu mai shayi,
na riƙe numfashi, na ɗiga dalma.

Kafin in rufe
na ciro jan birona daga bayan kunne,
na sa nawa ɗigon kusa da nata.

Haske ya kawo.
"Iya, lafiyata lau. Ruwa ne dai da tsada nan.
Kar ki sayar da tunkiyar."
Saƙon wata bakwai ke nan.
Sau uku ta saurara, salula manne da kunne,
tana amsa masa "to, to."

Ta ƙirga mini dala ɗari biyu, duk tsaba.
Kusa ɗaya ta rage a murfin kwalba,
na daga ido, har ta hau kabu-kabu.