Ƙofarmu Koriya Ce

Ɗan Glenys ya yi littafi.
Na aro shi a laburaren Bradford ran Talata,
na buɗe a saman bas mai hawa biyu,
ruwa na bin gilashi kamar kullum.

Ga layinmu a shafi na tara.
Ga bututun masaƙar ulu da ya daina hayaƙi.
Ga ni ma. Ya canja min suna,
amma hannuwan nan nawa ne,
su suka goge benen banki shekara talatin.

Wilfred, yaro, ka iya kallo.
Sai dai ka cusa min magana a baki
kamar mai tauna dankali da zafinsa,
ka datse wa kalmomina wutsiya
don mutanen Landan su murmusa
su ce, "Allah sarki, 'yan arewa."
Kai kuwa jiya a rediyo
harshenka ya sha guga har da kari.
Ina yaron da ke zuwa aron sukari
cikin takalmin yayansa?

A bangon baya wani ya rubuta:
"Wannan ce Ingila ta gaskiya."
Wacce daga ciki?
Ta masu lambu da ba su taɓa jiran bas ba?
Ko ta Shafiq Miah mai kantin kwana,
da ka sallama da layi ɗaya da ƙamshin yaji,
alhali shi ya kama akwatin gawar mijina
ranar da dangi suka ce hanya ta yi nisa?

Masaƙar ta koma gidajen haya,
masu jan kare da igiya suka tare.
Tuta na rataye a tagar maƙwabcina, ta koɗe.
Ban san me take faɗa ba,
ba na jin shi ma ya sani.

Ban ce ka yi ƙarya ba.
Na yi kuka a shafi na tamanin,
inda uwarka ke ƙirga sulalla a teburin kicin,
har na wuce tashata.
Amma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ka ce ƙofofinmu duk ruwan toka ne.
Na ciro fensir daga jaka,
littafin gwamnati ne, na sani,
na rubuta ƙanana a gefe:
tamu koriya ce.
Clifford ya shafa mata fenti da hannunsa
bazarar da aka sallame shi daga aiki.