Mai Kai Wasiƙu a Ísafjörður

Shekara ashirin da shida ina hawa wannan layi,
jaka a kafaɗa, ƙanƙara ƙarƙashin takalmi,
a garin da duwatsu ke ɓoye rana har Janairu ya tsufa.
Ƙofofi na sani, fiye da fuskoki.
Sunaye nake bi, kamar mai bin sawu.

Ni ce Sigurlaug Hrafnsdóttir,
'yar Hankaka, in ka kwance ƙullin.
Yawancinmu nan ba mu gadon sunan gida.
Kowa ubansa yake goyo,
ranar da ya gaji, ɗansa ya goya shi.

Lamba tara, Kowalczyk.
Ɗan maƙeri ke nan, in ji shi, yana dariya,
shi da bai taɓa riƙe masaba ba,
kifi yake feɗewa tun asuba.
Amma wani kaka can baya ya zuga wuta,
har yau tartsatsin na faɗowa cikin akwatinsa.

Sama da shi, Luzviminda Dimagiba.
Uwarta ta ɗinke yankuna uku na ƙasarsu ta yi mata suna
don kada ta ɓata hanyar gida.
Na biyun kuwa: wanda ba ya rushewa.
Ta gaya mini haka ranar da aka sallami mijinta daga aiki,
tana shanya safa, ko dubana ba ta yi ba.

Mai sayar da miya a bakin tashar jiragen ruwa,
sunanta na takarda ya fi ambulan tsawo,
amma kowa Kop yake ce mata. Kwaɗo.
Kakarta ce ta laƙaba mata,
wai iskoki in sun zo ɗaukar jaririya
su ji kwaɗo ne, su wuce.
Sun wuce. Bana shekararta sittin da ɗaya.

Ɗana Teitur, mai fara'a,
ubansa ya kama gabansa tun cibi bai faɗi ba,
sai na ce, to, wanda ya tsaya shi ke da suna.
Sigurlaugarson. Ɗan Sigurlaug.
Magatakarda ya ɗaga gira.
Na bar shi da girarsa.

Teitur ya auri Bożena, 'yar lamba tara.
Cikinta na wata bakwai ta same ni a kicin, ta ce:
Mama, na yi mafarki.
Wani dogo ya tsaya bakin ƙofa, rigarsa na ɗigar ruwa,
bai nemi abinci ba, bai nemi wuta ba,
ya ce a ara masa wurin kwana kawai.
Cokali ya faɗi daga hannuna.
Ita ba ta san abin da tsofaffinmu ke faɗa ba,
cewa mamaci kan zo roƙon suna.
Ba ta san teku ta karɓi babana ina 'yar shekara sha ɗaya ba,
kuma teku ba ta biyan bashi.
Ko takalminsa ba mu samu ba.

Wata uku yaron nan ba shi da suna a bainar jama'a,
Ƙaramin Baƙo muke ce masa,
kowa ya ja bakinsa ya ɗinke.

Yau da safe, cikin tarin takardun wuta da na haraji,
ga farin ambulan daga ofishin rajista.
Hrafn Teitsson.
Na karanta, na sake karantawa.
Shekara hamsin rabon da a aiko wa Hrafn wasiƙa a layin nan.

An ce suna linzami ne.
Ban san wa ke ja ba, mu ko su.
Na dai san ban jefa ta cikin akwati ba.
Na hau matakala, gwiwata na ƙara,
na ƙwanƙwasa,
aka miƙo mini shi, yana ƙamshin nono da barci,
gashinsa baƙi ƙirin, hannunsa a dunƙule.

Na ce: Baba, ga saƙonka.
Ya kama gefen ambulan ɗin ya kai baki.