Gurbin da Babu a Fom

Sun ba ni fom ɗari biyu da shuɗin biro,
da riga mai tambarin ma'aikata,
suka ce: sauka Gangare ka ƙirgo mana,
ko shirin wata goma sha takwas ya haifi ɗa mai ido.

Tambaya ta bakwai: kana sha?
E, a'a, ko na daina.
Wa zai ce e ga mai rigar gwamnati?
Samarin bakin Dilimi, ido jajur,
"A'a, yallaɓai," suna dariyar da ba ta da dalili.

Madam Kangyang ta ce mu ƙirga kwalaben maganin tari a kwata.
Bara ɗari huɗu da sittin, bana casa'in da uku.
Ta ja layi, ta ce Abuja za ta yi murna.
Ban gaya mata kwalba tsada ta yi ba.
Sholisho a tsumma ake shaƙa,
tsumma kuwa ba ya shiga lissafi.

Jazuli, lamba ta arba'in da ɗaya.
Bara shi kaɗai ya ce min e.
Bana na tarar an naɗe tabarmin ƙofar gida,
ƙanensa na yawo da takalmansa, sun yi masa yawa.
Na duba fom sama da ƙasa,
gurbi ukun nan ne dai.
Na sa: ya daina.
Har yau hannuna bai yafe min ba.

Sai gidan Iya Tasalla, bayan injin niƙa.
Sagiru fa? Yana gareji a Farin Gada.
Ya daina?
Ta ce wannan sai Allah,
amma dutsen gugarta ya kwana arba'in a kan taga
ba a kai shi wurin 'yan gwangwan ba,
ta kuma bar ƙulle makulli a haɓar zane.
Shekaranjiya malmala biyu ya ci,
har ya ce miya ta yi gishiri.

"Rubuta wannan," in ji ta.
Babu gurbin dutsen guga.
Na juya takardar, na rubuta a baya,
inda na'urar ofis ba ta karantawa.

Sanyin Jos ya sauko tun la'asar.
Jibi za a karanta rahoto a babban otal,
da ruwan gora, da tafi.
Ni dai gobe zan bi ta bayan injin niƙa
in leƙa taga.