Kusa Goma

Na kwance Fijon Baba a bayan gida, a Gyallesu,
ƙarƙashin darbejiyar da ke jefo mini 'ya'ya cikin kwanon fetur.
Mako uku inji na kwance kan tsohon ƙyaure,
kayan cikinsa jere bisa buhun siminti,
kaji na leƙowa kamar 'yan dubiya.

Bara ma na yi wannan aiki.
Na zura bututu a ƙotar sifana, na taka da ƙafa,
na ɗaure daga wannan gefe zuwa wancan
har jijiyar wuya ta miƙe.
Na ce ƙarfe ai ƙarfi ya sani.
Ban kai Kwangila ba farin hayaƙi ya turnuƙe salansa,
baƙin mai ya koma kunun gyaɗa,
'yan acaɓa suka turo ni gefen titi suna yi mini sannu.

Bana na tafi Sabon Gari wurin Ilu Mai-bawul.
Ya ba ni aron sifana mai awo,
naɗe cikin tsumma kamar jaririn kwana bakwai.
Ya ce, "Kada ka yar, kada ka kwance kusa da ita.
In ta ce ƙas, ta gama magana.
Kai ne dai ba ka iya jin an gama magana ba."

Na haɗiye. Aro nake nema.

Ramuka goma, na bi su ɗaya-ɗaya da famfon keke,
na huro ruwa da tsohon mai da ya kwanta a ƙasa,
don kusa ba ta zama bisa tafki.
Na goge zare da buroshi, na ɗiga mai,
ɗigo, ba wanka ba.
Sabon gasket ya kwanta, kan inji ya sauko bisansa a hankali,
ni da Tanimu maƙwabci muna riƙe da numfashi.

Uwani, 'yata, ta zauna kan taya
da alli a hannu da littafin da shafinsa ya sha giris.
Ita ke karanta lamba, ni ke ja.
"Ta tsakiya tukuna, Baba. Sai ta gabanta.
Yanzu tsallaka."
Daga cibiya muke faɗaɗawa,
yadda mai ɗaurin ganga ke bin fata,
nan kaɗan, can kaɗan,
kada wani gefe ya ƙoshi wani na jin yunwa.

Zagayen farko gaisuwa ce kawai.
Na biyu, ƙarfe ya fara amsawa a tafin hannu.
A na uku, kan kusa ta bakwai, aka kira la'asar.
Na dawo daga masallaci ban san inda na tsaya ba,
sai ga farin alli shida suna kallona.

Na ja, ja ɗaya, ba fizga.
Ƙas.

Nan ne shaiɗan ke zama, a bayan ƙas ɗin nan.
Hannu ya ce ƙara kaɗan, ko da rabin taki,
kamar mai awo na yi wa tiya gyara.
Uwani ta dubi hannuna, ba fuskata ba.
Na saki.

Ashe kusa ma miƙewa take yi, kamar igiyar guga,
tana riƙo ne da abin da ka bar mata.
In ka karɓe duka, ba ta da na gobe.

Magariba ta same ni ina mai da awo kan sifiri,
ina naɗe sifanar Ilu cikin tsummanta.
Ban tayar da inji ba. Akwai lagireto, akwai waya, akwai gobe.
Uwani ta rubuta a jikin bango da guntun allin da ya rage:
Kwangila,
ta ja layi ƙarƙashi,
ta tafi wanke hannu.